Bakin Saƙa: Daga Jar Dara Zuwa Wuyan Rigar Jariri

A hunturun da ya wuce na yi mako huɗu ina saƙa wata ƴar rigar sanyi, fari da ruwan ƙwai, domin ƙanwata da ke da tsohon ciki a unguwar Bukoki. Ta sauka lafiya cikin Janairu, lokacin da ɗarin asuba ke sa masu gadi hura wuta a bakin titunan Yamai. Ranar suna da yamma, bayan baƙi sun ragu, Gwaggonmu ta ɗora jaririn a cinya, ta karɓi rigar ta yaba, ta nufi kansa da ita. Riga ta zo goshi ta tsaya. Ta ja ta nan, ta ja ta can, yaro ya tsandara kuka. Sai ta miƙo mini kayana, ta ce: «Malama, boko kam kin iya. Amma wannan wuyan, na gora kika auna ko na ɗan mutum?»

Da na koma gida na duba aikin a tsanake. Jikin rigar yana buɗewa idan an ja shi. Wuyan ma, da na yi masa saƙar nan mai tudu da kwari wadda Faransawa ke kira côtes, yana buɗewa sosai. Layi ɗaya tak ne ya ƙi, wato na ƙarshe, wanda na rufe saƙar da shi. Ya tsaya ƙiƙam kamar an zagaya shi da waya. Kewayen kan sabon jariri kuwa ya kai santimita 34 zuwa 35, kafin ya shekara kuma ya kusa 46. Na tambayi masu saƙa da na sani, a makarantarmu da unguwarmu, sai na tarar kusan dukansu hanya ɗaya suka sani ta rufe baki, irin tawa, kuma duk sun san ciwon. Wata tana tsaga kafaɗa ta sa maɓalli. Wata tana faɗaɗa wuya har ya zube a ƙirjin yaro, iska ta shiga ta inda ake son tare ta. Wannan ɗan layi shi ya sa ni bin sawun yadda saƙar kibiya ta zo mana, da abin da ta baro a hanya.

Mu dai ba baƙin zare ba ne. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan mata ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, maza kuma su ja kunkuru suna wurga ƙoshiya. Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙetare kogin Isa a Say a 1853, ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Gidan tarihinmu na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, tun farkonsa ya ba masaƙan tera-tera irin na Zabarmawa wurin zama, don kowa ya ga yadda ake yi.

Sai dai ga abin lura. Abin da masaƙi ke fitarwa ba ya miƙewa. Zaren tsaye ne da na kwance suka ratsa juna, babu inda ɗaya ya lanƙwasa ya ajiye rara. Saboda haka duk hikimar suturarmu ta tafi wajen yadda za a sa abin da ba ya miƙewa ya zauna a jikin da ke motsi. Zane ɗaurawa ake yi, rawani naɗawa. Wando a yi masa ƙugu mai faɗin mutum biyu, a tattare shi da zariya. Babbar riga a buɗe mata wuya yadda kai zai wuce a sake, sa'annan a ƙarfafa bakin da ɗinki don kada ya yage. Hula kuwa aunawa ake yi, kowa da lambarsa. Wadda ta matse ba ta da magani sai a ba ƙane. A cikin wannan tarbiyya baki mai kyau shi ne baki mai tauri, na tabarma ne, na faifai ne, ko kalmasar zane. Yarinyar da ta tashi a gidajenmu ta san cewa gama aiki shi ne a ɗaure shi tamau. Hannun da aka yi wa wannan horo, in ya iso ƙarshen saƙa, ja zai yi, ko mai shi ba ta yi niyya ba.

Saƙar kibiya wata halitta ce dabam. Zare guda ne ake lanƙwasawa a mai da shi ido, a jawo sabon ido ta cikin tsoho, layi bisa layi. Tunda kowane ido lanƙwasa ne, in an ja sai ya buɗe, in an saki ya koma. Mun saba ɗaukar ta sana'ar Nasara, amma tarihi bai yarda da haka gaba ɗaya ba. Mafi tsufan abin da aka tono na irin wannan saƙa a Masar aka same shi: safunan auduga, shuɗi da fari, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13, wasu da ado mai kama da rubutun Larabci. A Sifen kuma, a kushewun sarauta na Las Huelgas kusa da birnin Burgos, an iske matasan kai saƙaƙƙu da siliki, ɗaya a kabarin Yarima Fernando de la Cerda da ya rasu a 1275, da kalmar baraka saƙe da haruffan Larabci. Masana da yawa na ganin hannun Musulmin Andalus ne.

Zuwanta na farko ƙasar Hausa ma ta hanyar Musulmin ne, kuma a kan raƙumi. A 1609 sarkin Sifen ya ba da umurnin korar zuriyar Musulmin da suka rage a ƙasarsa. Da yawansu suka sauka Tunis, suka bunƙasa sana'ar jar hular da can ake kira shashiya, mu kuma muke kira dara. Ga yadda ake yin ta, kuma a nan labarin yake. Mata ne ke saƙa ta da kibiyoyi, da farin ulu, ƙatuwa sakwa-sakwa kamar jaka. Daga nan a jiƙa ta da ruwan zafi da sabulu, a yi ta bugu har ta dunƙule ta koma ƙarama. A taje ta da ƙayar wani tsiro, a aske, a rina ja, a ɗora bisa ma'auni ta bushe. Ayarin Tarabulus da Gadamas suka riƙa ɗauko ta, su bi ta Gat da Agadas da Damagaram har Kano. Ta hau kan attajirai da malamai, ta shige ƙarƙashin rawunan sarakuna. Daga baya Faransa ta ɗora irinta a kan sojojin tirayar da ta kafa a Senegal a 1857, har jar hula ta zama abin da talakan ƙauye ke hanga ya shiga dawa. Masu yin shashiya a Tunis har zamanin nan suna lissafa Nijar da Najeriya cikin kasuwanninsu.

Ke nan kakanninmu sun shekara aru-aru ɗauke da saƙar kibiya a ka, ba tare da sun ga ido ɗaya nata ba. Bugun da ake yi wa dara yana shafe idanun, ya kashe miƙewarta, ya mai da bakinta tsayayye. Ta samu shiga cikin suturarmu ne bayan ta ajiye halinta ta ɗauki namu. Kaya ya iso, sana'a ta tsaya a Tunis.

Zuwa na biyu a hannu ya zo, cikin aji. An mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, hedikwata ta baro Damagaram ta dawo Yamai a 1926. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, na Katolika suka kafa gidansu a Yamai a 1931. Ko a makarantar gwamnati ko a ta mishan, ilimin da aka tanadar wa ƴa mace a lokacin rabinsa aikin gida ne: wanki, guga, renon jariri, ɗinki da saƙa. A 1938 aka buɗe makarantar horar da malamai mata ta Rufisque a Senegal, a hannun Germaine Le Goff, inda marubuciya Mariama Bâ ta yi karatu. Ƴan Nijar ƙalilan ne suka je can. Yawancin ɗalibanta daga ƙasashen bakin teku suke, kuma daga Dahome da Togo ne muka samu da yawa cikin malamai da ungozomomin asibiti na farko. Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, mata kuwa sai a ƙirga su da yatsa a gari guda. Aji kaɗai ba zai iya yaɗa sana'a ba.

Abin da ya yaɗa ta shi ne gidajen koyar da mata, waɗanda muke kira fwaye, musamman bayan an kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, zamanin Seyni Kunce. A irin wannan gida Innata ta koya, a Maraɗi, tana goye da ni. Da ido ta koya, wurin wadda ita ma da ido ta koya. Ni kuma na ɗauka a gefen tabarmarta. Ilimin da ke tafiya haka yana da ƙarfi ƙwarai a abin da ake maimaitawa kullum, yana da rauni a abin da ake yi sau ɗaya. Ido ana saƙa dubbansa a riga guda, rufe wuya kuwa sau ɗaya ne, cikin minti goma, sau da yawa da dare, lokacin da mai koya ta riga ta tafi gida.

Akwai ƴan littattafan samfur na kamfanonin zare na Faransa, irin su Phildar da Pingouin, da ke yawo hannu zuwa hannu har su yage. Na samu biyu a adakar Inna na karanta su da idon malamar Faransanci. Suna ƙirga maka kowane ido na hannu da na ƙirji, amma in an zo wuya sai su sallame ka da kalma biyu: rabattre souplement, wato a rufe a sassauce. Yaya ake sassautawa? Shiru. Ba mugunta ba ce. Rigunansu daga ƙasa ake faro su a yi sama, don haka bakin ƙugu da na hannu mafarin saƙa ne, wuya kaɗai ke buƙatar rufewa, ƴan rigunan jarirainsu kuma galibi ta baya suke buɗewa. Ban da haka, da ulun tumaki aka yi lissafin, wanda ke da tsalle a jikinsa, yana yafe wa hannu mai ja. Mu kuwa auduga muka fi samu, wadda ba ta yafiya, sai zaren roba.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi, zaren roba na Najeriya da na Sin ya gaje wurin ulu, rigunan sanyi na gwanjo kuma suka cika Katako da Wadata a farashin da ko zaren bai saya ba. Wa zai yi wata guda yana saƙa wa babba abin da zai samu a tsibin gwanjo? Sai saƙa ta janye ta koma wuri ɗaya da gwanjo bai iya ƙwace mata ba, wato kayan jarirai: hula, safa, ƴar riga, mayafi, abin da ake kaiwa barka a ce da hannuna na yi. Wato ta koma daidai wurin da raunin nan nata ya fi ciwo, domin babu mai babban kai da ƙaramin wuya kamar jariri.

Bari mu dubi abin da ke faruwa a layin ƙarshe. Saƙar tudu da kwari tana miƙewa ne saboda idanunta sun juya fuska bi da bi, ɗaya gaba ɗaya baya, sai ƙyallen ya naɗe kansa kamar zugazugin maƙeri. Faɗinsa na gaskiya ya fi wanda ido ke gani. Darajar wannan ta sa a Ingila, bayan William Lee ya ƙera injin saƙa safa a 1589, aka yi shekara 170 kafin Jedediah Strutt ya samu takardar mallakar ƙarin da ya sa injin ya iya saƙar tudu da kwari, a 1759, domin safa ta kama ƙafa ba tare da an ɗaure ta ba. To, rufewar da aka koya mana ita ce a saƙa ido biyu, a ɗaga na farko a tsallakar da shi bisa na biyu, a saƙa wani, a sake tsallakarwa. Abin da ke fita sarƙa ce kwance a bakin saƙa, kowace gaɓa tata da zaren ido ɗaya rak. Ƙyalle mai naɗi, an ɗaure shi da sarƙa marar naɗi. Komai laushin hannu, iyakarta ke nan.

Su ma Turawan sun daɗe suna fama da abin, kuma maganin da suka samo ba tsoho ba ne sosai. Akwai rufewar da Faransawa ke dangantawa da Italiya, wadda ake yi da allura, baki ya fito kamar saƙar ce ta zagaya ta koma ciki. Kyakkyawa ce, amma tana son natsuwar da mai yara uku ba ta da ita. Akwai wadda Elizabeth Zimmermann ta yaɗa, Baturiyar Ingila da ta koma Amurka a 1937, mai littafin Knitting Without Tears na 1971. Akwai kuma ta Jeny Staiman, wadda ta fito a mujallar Knitty a 2009, lokacin da masu saƙa suka koma faro safa daga yatsu, riga daga wuya, kowane baki ya zama na rufewa. Shekara goma sha da fitarta, ba ta iso tabarmarmu ba.

Ɗiyar yayata ce ta nemo mini hotunan hannuwa masu motsi a wayarta. Ingilishina bai taka kara ya karya ba, don haka ni ma da ido na koya, kamar Inna. Dare uku na yi ina saƙawa ina warwarewa. Wahalar gaske ta zo ne da na zauna in nuna wa matan unguwa, sai na ji bakina ya ɗaure. Ni da ke koyar da Hausa a sakandare, na kasa faɗin abin da hannuna ke yi ba tare da na tsoma maille da endroit da envers ba. Kalmar saƙa kanta ta ɗauke wa masaƙi da mai kwarashi da mai kibiya da mai tabarma kaya guda. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, mun ƙirƙiro kalmomin nahawu da na lissafi, a Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma kwamitocinmu na kalmomi, in za mu faɗi gaskiya, maza ne suka fi cika su, kuma ba su cika leƙa abin da ke hannun mata ba.

Ga abin da na gwada, malamai ƴan'uwana su gyara. Maille na kira ta ido, kamar yadda masunta ke cewa idon raga. Faransancin ma daga kalmar Latin macula ya fito, wadda ke nufin tabo da kuma idon raga. Côtes a bakinsu haƙarƙari ne, ni kuwa gona na gani, sai na ce kunya da kwari: idon da ya taso idon kunya, wanda ya nutse idon kwari. Matan suka yi dariya, wata ta ce ai dama wuyan nan ya ba ni kunya. Amma sun gane nan take, kuma abin da ake nema ke nan.

Da waɗannan kalmomi, hanyar Staiman ga ta. Kafin ki saƙa kowane ido, ki ɗora wa kibiyar dama zare sau ɗaya, ajiya ke nan. In idon kunya ne ke tafe, zaren ya hau kibiya ta baya ya sauko gaba. In na kwari ne, ya hau ta gaba ya sauka baya. Ki mai da zaren inda idon ke buƙatarsa, ki saƙa shi yadda yake, kunya a kunya, kwari a kwari. Yanzu kina da uku a dama: tsohon ido, ajiya, sabon ido. Ki tsallakar da ajiya bisa sabo, ki tsallakar da tsoho bisa sabo, saura ɗaya. Haka har ƙarshe. Ajiyar nan ita ce rarar da sarƙa ke ci in an ja ta, sauya gefen da zare ke hawa kuma shi ke sa baki ya bi naɗin kunyoyi ya koma mazauninsa in an saki. Tana cin zare fiye da tsohuwar hanya, kada ki fara ta da guntun da ya rage. A zaren roba na ga bakin yana ɗan tashi kamar kunnen latas in hannu ya yi sako-sako. Kibiya mai ɗan siranta ta gyara mini wannan.

Ni dai a raina ta Zimmermann ta fi dacewa da hannunmu, don mu mutanen allura ne. Ki yanke zare mai tsawon bakin sau uku da ɗan ƙari, ki zura a allura mai dakusasshen tsini. Ki soka ta cikin ido biyu na farko daga dama zuwa hagu, ki jawo. Ki dawo ta cikin na farko kaɗai daga hagu zuwa dama, ki sauke shi daga kibiya. Biyu gaba, ɗaya baya. Duk wadda ta taɓa ɗinkin hannu mai komawa baya ta riga ta san wannan tafiya. Aibinta ɗaya, in an yi kuskure warware ta sai haƙuri, ido ɗaya ɗaya. Da na nuna wa Inna, ta karɓi allurar ta yi ido goma ba ta tambaye ni komai ba, sa'annan ta ce da an gwada musu wannan a Maraɗi da ba ta ɓata maɓallai da yawa ba.

Sai bayan an yi arba'in na mai da rigar Bukoki. Gwaggo ta sa yatsu huɗu na kowane hannu a wuyan ta buɗe, ta saki, ta sake buɗewa, tana kallona ta gefen ido. Ta zura wa yaro, kai ya wuce, wuya ya koma ya kwanta. Lokacin Fabrairu ya kusa ƙarewa, zafi ya fara leƙowa, asuba biyar ko shida kawai ya sa ta kafin a ninke a jefa adaka. Ran Asabar ta aiko jikarta gidana da leda, ciki da huluna huɗu da ƴar riga ɗaya, duk masu bakin waya, da saƙon cewa in nuna wa yarinyar ta allurar, ita ce ba ta buƙatar ƙirga.